"Na Yarda, Amma Ban da Kaza": Togaciya a Yarjejeniyar Haƙƙin Yara

Kawuna tsohon magatakardan kotu ne. Ya fara aiki tun Gusau na ƙarƙashin jihar Sakkwato, kuma har yau da ya aje aiki, in ka kawo masa magana abin da zai fara tambaya shi ne a ina aka rubuta ta. Wata rana a 2022, shekarar da gwamnatin Zamfara ta sa hannu a dokar kare yara, na iske shi a zaure da rediyo a cinya. Shirin kiran waya ake yi, wani mutum yana ta kumfar baki wai Turawa sun ɗaura mana igiya a wuya da wata yarjejeniya. Kawu ya rage muryar rediyon ya dube ni.

"Kai ɗan boko, wagga yarjejeniya da Najeriya tash shiga, mi tat togace ciki?"

"Allah ya ƙara girma, Kawu, ba ta togace komai ba."

"Ko layi guda?"

"Ko harafi."

"To Saudiyya fa?"

"Ita ta togace. Ta ce duk sashen da ya ci karo da shari'ar Musulunci ba ta ciki."

Ya yi shiru yana juya hular da ke gwiwarsa. Can ya ce, "Mutumin da aka karanta ma takardar bashi mai layi hamsin da huɗu, yac ce ya yarda da duka bai ko ɗaga gira ba, ni dai a kotu ina sa mai ido."

Sassa 54 ɗin na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ne, wadda Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ita ranar 20 ga Nuwamba 1989, ta soma aiki ranar 2 ga Satumba 1990. Ƙasar Polan ce ta kawo daftarin farko a 1978, aka shafe shekara goma ana ja-in-ja a kansa. Yau ɓangarori 196 ne a cikinta, babu wata yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam da ta kai ta yawan masu shiga. Amurka kaɗai ce a cikin mambobin Majalisar ta tsaya bakin ƙofa: ta rattaba hannu a 1995, amma ba ta tabbatar ba har yau. Rattaba hannu kamar kai kuɗin na-gani-ina-so ne, tabbatarwa kuma ita ce ɗaurin aure. Kuma a wajen wannan ɗauri ne ƙasa ke da damar buɗe baki ta ce, na karɓa, amma ban da sashe kaza, ko na karɓi sashe kaza iya nan kawai. Wannan furucin shi ne togaciya.

Wanda bai saba ba zai ce ai wannan wasa da hankali ne, ko dai ka shiga ko ka bari. Da can ma kusan haka abin yake: in ƙasa ta kawo togaciya, sai dukkan sauran sun yarda kafin a karɓe ta. Abin ya sauya ne a 1951, da Kotun Duniya da ke Heg ta ba da fatawa kan yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi. Kotun ta ce ƙasa na iya shiga da togaciyarta ko da wasu sun ƙi, muddin togaciyar ba ta rushe maƙasudin yarjejeniyar ba. Wannan ma'auni aka ɗauka aka sa a Yarjejeniyar Biyana ta 1969, wadda ita ce dokar da ke tsara yadda ake ƙulla yarjejeniyoyi, kuma shi ne aka maimaita a sashe na 51 na yarjejeniyar yara. Lissafin mai sauƙi ne. In ka ce sai kowa ya haɗiye komai, ƙasashe ƙalilan za su zo. In ka bar kafa, kowa zai shigo, amma kowa da irin shigarsa. An zaɓi cikar taro, aka bar zurfin alƙawari ga gobe.

A wajenmu an ɗauka ƙasashen Musulmi ne kawai ke togaciya, saboda su ake yawan ambata. Ba haka ba ne. Birtaniya, da ta tabbatar a 1991, ta keɓe wa kanta 'yancin yin dokokin shige da fice yadda ta ga dama, wato ɗan baƙo da ɗan gudun hijira ba lallai su ci moriyar abin da ɗan ƙasa ke ci ba. Jamus ta yi makamancin haka a 1992. Faransa ta ce sashe na 30, mai kare harshe da al'adar yaran ƙananan ƙabilu, bai shafe ta ba, don tsarin mulkinta bai san da wasu ƙananan ƙabilu ba, jamhuriya ɗaya ce al'umma ɗaya. Sin ta ɗaure sashe na 6, na haƙƙin rayuwa, da dokokinta na ƙayyade iyali. Fadar Fafaroma ta ce tsarin iyali a wajenta shi ne wanda cocinta ta halatta kawai. Indiya ta ce hana aikatau na yara sai a hankali, ba za ta iya sa shekarun fara aiki a kowace sana'a dare ɗaya ba. Singafo ta ce ba ta fahimci yarjejeniyar ta hana bulalar horo da aka yi da hankali ba. Ostireliya da Kanada da Japan da wasu sun togace sashe na 37(c), wanda ya ce kada a tsare yaro tare da manya a kurkuku. Ka ga kowa inda takalmi ke matsa masa nan ya yanke: wani addini, wani baƙi, wani kuɗin gina gidan yari na daban.

Wasu ba sa kiranta togaciya ma, sai su ce bayanin fahimta ne, ga yadda muka gane sashen. Dokar Biyana ta riga ta toshe wannan kafa, ta ce ba sunan takarda ake dubawa ba, aikin da take yi ake dubawa. In ta rage nauyin da ke kanka, togaciya ce, ko da ka raɗa mata wani suna.

Bari in tsaya a kan wurin da ya fi kusa da gidajenmu, wato riƙon maraya. Gwaggona tana riƙe da wani yaro da aka kawo daga ƙauye bayan 'yan bindiga sun kashe mahaifinsa. Tare yake cin tuwo da jikokinta a akushi ɗaya, tela ɗaya ke musu ɗinkin salla. Ranar da aka kai shi makaranta, malamin da ke rajista ya ɗaga biro ya ce, "Hajiya, da sunan Alhaji za a rubuta shi?" Ta ce, "A'a ɗan nan, da sunan ubansa. Ubansa ya mutu ne, ba ɓacewa ya yi ba." Ba ta taɓa jin labarin wata yarjejeniya ba, amma hukuncin da ta yi aiki da shi yana cikin Suratul Ahzab, inda aka ce a kira su da sunayen ubanninsu, bayan abin da ya faru da Zaidu ɗan Harisa. Musulunci ya kwaɗaitar da riƙo, ya hana mayar da ɗan wani naka har ya ɗauki nasabarka ya ci gadonka.

Saboda wannan ne ƙasashe irin su Masar da Jodan da Kuwait da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka togace sashe na 21, mai magana kan mayar da ɗan wani ɗan cikinka, wasunsu har da na 20. Abin mamakin shi ne, in ka buɗe sassan biyu sai ka ga an riga an share musu hanya tun wajen rubutu. Sashe na 20 ya ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta, wato irin riƙon nan da ba ya sauya nasabar yaro, a jerin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali. Sashe na 21 kuwa ya fara ne da cewa yana magana da ƙasashen da suka yarda da wancan tsari, wanda bai yarda da shi ba babu ruwansa. Wato an gina katanga a inda babu ɓarawo. Masar ta gane haka ta janye togaciyarta a 2003, kuma ba ta sauya hukuncin nasaba ba. Kanada ma, wadda ba ƙasar Musulmi ba, ta togace sashe na 21 ne don kare irin riƙon gargajiya na 'yan asalin ƙasarta, riƙon da ya yi kama da na gwaggona fiye da yadda ya yi kama da na kotunan Turai.

Sashe na 14 shi ne mai ƙashi. Ya ba yaro 'yancin tunani da addini, sannan ya ce a mutunta haƙƙin iyaye na shiryar da shi gwargwadon girmansa. Da gangan aka cire kalmar zaɓar addini ko sauya shi, wadda ke cikin tsofaffin takardun haƙƙin ɗan Adam, don a samu haɗin kan ƙasashen Musulmi. Duk da haka da yawa ba su natsu ba, suka togace shi. Somaliya, wadda sai a 2015 ta shigo, ta togace 14 da 20 da 21. Ni ban ga laifi a irin wannan ba. Ƙasa ta nuna sashe da lambarsa, ta faɗi dalilinta, kowa ya san inda ta tsaya. Mai son jayayya da ita ya san abin da zai ja a kai, ɗan ƙasarta ma ya san abin da gwamnatinsa ta ɗauka da abin da ta aje.

Damuwata na kan togaciyar da ba ta da baki ba ta da iyaka. Iran a 1994 ta ce ba za ta yi aiki da duk abin da ya saɓa wa dokokin Musulunci ba. Saudiyya a 1996 ta faɗi kwatankwacin haka. Musulmi in ya ji wannan zuciyarsa za ta yi sanyi, ya ce ai haka ya kamata. To amma wane sashe ne ya saɓa? A wace mazhaba? Wa zai yanke, kuma yaushe? Ba a faɗa ba. Gwamnati ce ta riƙe almakashin a aljihunta, duk ranar da wani sashe ya takura mata sai ta fito da shi. Shari'a da kanta ba ta yarda da irin wannan ciniki ba. Ka sayar wa mutum garken shanu a kasuwar Shinkafi ka ce ban da waɗanda zan zaɓa daga baya, ba ka faɗi nawa ba, ba ka nuna su ba, kowane alƙali zai ce maka akwai garari a ciki, wato ba a san takamaimai abin da aka sayar ba. Kuma ba da sunan addini kaɗai ake yinta ba: Indunusiya ta ɗaure yarjejeniyar da tsarin mulkinta a 1990, ita ma haka nan ba iyaka, sai a 2005 ta kwance.

To wa ke tsare ƙofa? A nan tsarin ya fi rauni. Ƙasa na aika takardarta ga Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok, shi kuma ba alƙali ba ne, mai ajiya ne, rarraba ta kawai yake yi ga sauran ƙasashe. Kowace ƙasa na da wata 12 ta nuna ƙin yarda, in ta yi shiru an ɗauka ta amince. Mafi yawa shiru suke yi. Masu magana kusan kullum su ne su: Suwidin, Nowe, Finlan, Denmak, Holan, Jamus, Ostiriya, Fotugal, Ayalan. Za su rubuta cewa togaciyar ƙasa kaza ta rushe maƙasudin yarjejeniya, sannan a layin ƙarshe su ƙara da cewa wannan bai hana yarjejeniyar aiki tsakaninmu ba. Kuma wasu daga cikin masu nuna yatsan suna da tasu togaciyar a rataye. Laifi tudu ne.

Dalilin da ya sa ƙin yardar ba ta cizo shi ne wannan. An gina dokar Biyana a kan ba-ni-in-ba-ka. A yarjejeniyar kasuwanci, in ka togace rage haraji a kan kayana, ni ma ba zan rage a kan naka ba, don haka sai ka yi tunani sau biyu. A yarjejeniyar yara kuwa babu abin da za a rama da shi. Suwidin ba za ta fara tsare 'ya'yanta da manyan fursunoni don wata ƙasa ta togace ba. Alƙawarin an yi shi ne a gaban ƙasashe, amma mai bin bashin yaro ne a cikin gida, wanda ba ya aika jakada kuma ba ya rubuta takardar ƙin yarda.

Da na kai nan a bayanina, Kawu ya gyara zama, don an zo fagensa. Ya ce, "To in sharaɗin ya ɓaci, mi ka faruwa da cinikin?" Na ce ai wannan tambaya ce lauyoyin duniya suka shafe shekaru suna dambe a kanta. Ya yi dariya ya ce malamanmu sun riga su da shekara dubu da ɗoriya. Ya jero mini: Abu Hanifa ya ce ciniki ya ɓaci, sharaɗi ya ɓaci. Ibn Shubruma ya ce duka biyun sun inganta, ya kafa hujja da raƙumin da Jabir ya sayar wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sharaɗin zai hau shi har Madina. Ibn Abi Laila ya ce ciniki ya inganta, sharaɗi ya faɗi, hujjarsa labarin Barira, baiwar da Nana A'isha ta saya don ta 'yanta, iyayen gijinta suka sa sharaɗin wala'i, wato haƙƙin jiɓinta da gadon wanda aka 'yanta, ya zama nasu, aka zartar da cinikin aka watsar da sharaɗin. Malik kuma ya rarrabe, ya ce a dubi irin sharaɗin tukuna.

Waɗannan hanyoyi uku su ne dai a gaban dokar ƙasa da ƙasa. Ko a ce ƙasar ba ta shiga ba gaba ɗaya. Ko a bar ta da togaciyarta, wanda shi ne abin da ke faruwa a aikace idan kowa ya kau da kai. Ko a yanke togaciyar a riƙe ƙasar da cikakken alƙawari. Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta bi hanyar Barira a 1988, a shari'ar Belilos da ƙasar Siwizalan: ta ce abin da Siwizalan ta kira bayanin fahimta togaciya ce, kuma ta yi faɗi da yawa, don haka ta faɗi, ƙasar kuma tana nan a ɗaure. Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce shi ma haka zai riƙa yi, a bayaninsa mai lamba 24 na 1994. Nan take Amurka da Birtaniya da Faransa suka tashi, suka ce ba mai ɗaura wa ƙasa abin da ta faɗa da bakinta ba ta ɗauka ba. Kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Da kwamitin ya yanke wata togaciyar ƙasar Tirinidad da Tobago a 1999, kan ƙarar waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, ƙasar ficewa ta yi baki ɗaya a 2000 daga tsarin da ke ba mutane damar kai ƙara gaban kwamitin. An je neman ƙiba an samo rama. A 2011 Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa ta fito da jagora bayan doguwar nazari ƙarƙashin masanin Faransa Alain Pellet, ta tsaya tsakiya irin ta Malik: a ɗauka ƙasar tana ciki ba tare da togaciyar ba, sai fa in ta bayyana cewa in babu togaciyar ita ma babu ita.

Ita yarjejeniyar yara ba ta da kotu. Abin da take da shi kwamiti ne na masana 18 da ke zama a Jeneba. Ƙasa na kai rahoto shekara biyu bayan shiga, daga nan duk shekara biyar, kuma duk zuwa sai an tambaye ta: togaciyar nan har yanzu kuna bukatarta? Ba tara, ba takunkumi, naci ne kawai. Amma nacin ya yi aiki fiye da yadda mutum zai zata, domin sashe na 51 ya sa janyewa ta zama abu mai sauƙi, wasiƙa ɗaya ce zuwa ga Babban Sakatare. Pakistan ta janye tata mai faɗi a 1997. Maroko ta sauya ta sashe na 14 zuwa bayanin fahimta a 2006. Katar a 2009 ta matse tata daga kan komai zuwa sassa biyu, na 2 da na 14. Jamus ta janye a 2010. Birtaniya ta janye ta shige da fice a 2008, kuma shekara ɗaya bayan haka ta sa a dokarta cewa jami'an shige da fice dole su kula da lafiya da maslahar yaro. Togaciyar da aka rubuta tana da wannan amfani: tana da lamba, tana da ranar haihuwa, ana iya nuna ta da yatsa shekara bayan shekara har mai ita ya gaji.

Mu dawo gida. Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar a Afrilun 1991, zamanin mulkin soja na Janar Ibrahim Babangida, lokacin da babu zaɓaɓɓiyar majalisar tarayya da za ta zauna ta bi sassan ɗaya bayan ɗaya. A 2001, ƙarƙashin farar hula, ta sake tabbatar da ta Afirka, wato Yarjejeniyar Haƙƙi da Walwalar Yaro da aka amince da ita a Adis Ababa a 1990. Wannan ta fi ta Majalisar Ɗinkin Duniya tsauri a wurin da aka fi jayayya. Ta Majalisar ta ce yaro shi ne wanda bai kai 18 ba, sai in dokar ƙasarsa ta ba shi girma kafin nan, kuma ba ta ambaci shekarun aure ba. Ta Afirka ta ce 18 ba togiya, kuma sashenta na 21 ya ce a haramta aure da baiko ƙasa da 18. Masar da Sudan sun togace wannan sashe a lokacin shigarsu. Najeriya ba ta ce uffan ba, alhali a lokacin an riga an ƙaddamar da shari'a a Gusau tun 27 ga Oktoba 1999.

Ba wai babu ja ba ne. Ja ɗin ya koma wani wuri ne. Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a ƙasar nan sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Da aka kawo ƙudurin a 2002 majalisa ta yi watsi da shi, kuma shekarun aure na cikin manyan dalilai. A 2003 aka zartar da Dokar Haƙƙin Yaro, Shugaba Obasanjo ya sa hannu. Sashenta na 21 ya hana auren wanda bai kai 18 ba, na 23 ya sa tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyar ko duka biyun. Sai dai sha'anin yara ba ya cikin jerin abubuwan da tarayya ke da ikon kaɗaita a kansu, kuma abu na 61 a wannan jeri ya fitar da auren Musulunci da na gargajiya daga hannunta ƙarara. Saboda haka dokar ta tsaya a Abuja, kowace jiha sai ta yi tata. Wasu suka yi da wuri. Wasu suka yi gyara: Akwa Ibom, wadda ba jihar shari'a ba, ta sa yaro ya ƙare a 16. Mafi yawan jihohin Arewa maso Yamma kuwa suka ja ƙafa kusan shekara ashirin, kuma da suka zo yi, da dama sun sauya mata suna zuwa dokar kare yara bayan zama da malamai da sarakuna. Sakkwato a 2021, Kabi da Zamfara a 2022, Kano a 2023.

Akwai kuma sashe na 29(4)(b) na tsarin mulki, mai cewa matar da ta yi aure ana ɗaukarta ta cika shekaru. Asalinsa kan barin zama ɗan ƙasa yake magana, amma da Majalisar Dattawa ta so goge shi a Yulin 2013, Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura, tsohon gwamnan jiharmu, ya tashi ya ce gogewar ta taɓa shari'ar Musulunci. Aka sake ƙuri'a, ba a samu rinjayen da ake bukata ba, layin ya zauna. Ƙasar ta ɗauki zafi makonni, Kudu na zagin Arewa, Arewa na cewa an taɓa addini. Wannan muhawara ita ce ya kamata a yi a 1991 ko a 2001, kafin a kai takarda waje.

Abin da nake gani shi ne Najeriya tana da togaciya, kuma babba, sai dai ba ta rubuta ta ba. A Jeneba jakada zai ce mun karɓi komai. A gida kuma a ce wa jama'a kada ku damu, ba za ta taɓa ku ba. Kowane ɓangare an gaya masa abin da yake son ji. Saudiyya ta riƙe almakashi a fili har ana yi mata ƙorafi, mu namu yana ƙarƙashin tabarma. Da a ce an tara malamai da lauyoyi da iyaye mata tun farko, aka ware sassa biyu ko uku da ake da ja a kansu, aka rubuta da dalili, da sauran hamsin ɗin ba su kwana shekara ashirin a bakin ƙofar majalisun jihohi ba saboda su. Da kuma mai kiran wayan nan na rediyon Kawu ya san takamaimai abin da yake adawa da shi. Yanzu wannan ƙofa ta rufe, don togaciya a wajen shiga ake yinta. Hanyar da ta rage ita ce a fice a sake shigowa da sharaɗi, kuma ƙasashe na kallon wannan a matsayin zamba cikin aminci.

Na san akwai mai cewa rashin togaciyar ma riba ce, domin ita ce sandar da masu fafutuka suka riƙa dogarawa har jihohi suka yi dokokinsu. Akwai gaskiya a nan. Amma sanda ce da ta ɗauki shekara 31 kafin ta iso Gusau daga 1991, kuma a tsawon wannan lokaci duk hayaniyar a kan sassa ƙalilan ta ƙare.

Sauran sassan fa? Sashe na 6 ya ce a tsare ran yaro. Na 24 ya ce a ba shi lafiya da ruwa mai tsabta, har ya ambaci haɗarin gurɓatar muhalli. Na 28 ya ce firamare kyauta kuma dole. Na 35 ya ce a hana sace yara, na 39 ya ce a warkar da wanda rikici ya taɓa, jiki da zuciya. Ban taɓa jin malami ko basarake ko ɗan majalisa a Zamfara ya ce ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa wa addini ba. A 2010, shekarar da wakilan Najeriya suka zauna gaban kwamitin Jeneba, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinari a tsakar gida yara na rarrafe cikin ƙurarsa. Aƙalla yara 400 suka mutu. Bagega, garin da ya fi kowanne yawan yaran da abin ya shafa, sai a 2013 aka saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. A Fabrairun 2021 aka kwashi 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a Yunin shekarar aka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Kabi.

Na karanta wa Kawu waɗannan sassa daga wayata, ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Da na kai na 39 sai yaron gwaggo ya yi sallama, an aiko shi da kwanon fura. Har yanzu in babur ya wuce da ƙarfi da dare sai ya farka ya shige ƙarƙashin gado. Kawu ya karɓi kwanon, ya sa masa albarka, ya jira har ya fita. Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayar ya ga lambar sashen da idonsa.